Daga Makuba Zuwa Rinin Siminti: Daɓen Jiya Da Na Yau

Gabatarwa

Tun da aka mayar da fadar gwamnati Abuja a shekarar 1991, gine-gine ba su tsaya ba, kuma kowane salon gini yana zuwa da sunansa na baƙon harshe. Ɗaya daga cikinsu shi ne sanya wa daɓen siminti launi ba tare da fenti ko tayil ba. A wannan maƙala zan bayyana yadda ake yin sa, sannan in nuna cewa Bahaushe ya san irinsa tun da daɗewa, don haka ba sai mun aro masa suna ba.

Daɓen Gargajiya

A da, idan za a kai amarya, mata kan yi gayya su baza marmara a ɗaki, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa. Bayan nan sai a zuba makuba, wato ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki. Makuba tana ɗauke da wani sinadari mai bauri, irin na bagaruwar da majema ke jima da ita. Idan ya haɗu da ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, sai daɓen ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ya kuma rage shan ruwa. Gbagyin yankin Abuja, inda Ladi Kwali ta fito, su ma sukan yayyafa wa tukwane wannan ruwa da zafinsu bayan gashi.

Rinin Siminti

Hanyar zamani ita ma haka take, sai dai kayan aikin ne suka bambanta. Ana amfani da ruwan asid wanda aka narkar da gishirin ƙarfe a ciki. Asid ɗin yana buɗe fuskar daɓen, gishirin kuma ya shiga ya haɗu da sinadarin farar ƙasa da ke cikin siminti, sai launi ya fito. Gishirin baƙin ƙarfe yana ba da launin tsatsa, na jan ƙarfe kuwa kore-kore.

Ga matakan aikin. Da farko ana barin sabon daɓe ya yi kamar kwana 28. Sai a wanke shi tas, domin inda mai ko tsohon fenti ya zauna rini ba ya kamawa. Daga nan a fesa ruwan, a bar shi wasu awoyi, a kashe kaifin asid da ruwan bekin soda, a ɗauraye. Idan ya bushe sai a shafa man rufi mai ƙyalli. Dole ma'aikaci ya sa safar hannu da tabarau, ya buɗe tagogi, saboda asid yana ƙuna.

A lura, wannan ya bambanta da jar hodar da magina ke saye a kasuwanni irin ta Dei-Dei, wadda ake cuɗawa da siminti tun yana ɗanye. Ya kuma bambanta da fenti, wanda ke zama a sama, daga baya ya ɓare.

Kammalawa

A ganina, sunan da ya dace da wannan aiki shi ne "rinin daɓe". Fenti shafa shi ake yi, rini kuwa shiga jiki yake, kamar yadda baba ke shiga zare a marinar Ƙofar Mata. Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, yara da yawa a yau ba su san madaɓi ko makuba ba. Idan ba mu ɗora tsofaffin kalmominmu a kan sababbin ayyuka ba, za su bi gayyar daɓe su ɓace. Masu iya magana dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.