Mu kare salula da kwamfuta daga zafi

Ƴan'uwa manoma, a nan Tsauni salula ta zama kayan aiki. Da ita muke jin kuɗin hatsi da rake a kasuwar Matamaye. Da ita muke kiran likita. Lalacewarta babbar asara ce.

A watannin Afrilu da Mayu, zafi a jihar Damagaram yakan wuce digiri 40. Alhali salula ba ta son zafin da ya wuce digiri 35.

A cikin salula da kwamfuta akwai wani ƙaramin sashe, shi ne ƙwaƙwalwar na'ura. Aikinsa yana haifar da zafi. Idan aiki ya yi nauyi, kamar kallon bidiyo, zafin yakan ƙaru. Sai na'ura ta rage sauri, ko ta kashe kanta.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu sa faifan sola a rana, salula kuma a inuwa.
2. Kada mu yi kallo muna caji.
3. Mu ɗora kwamfuta bisa tebur. Katifa tana toshe kafofin iska.
4. Mu share ƙurar hunturu daga kafofin.
5. Idan na'ura ta yi zafi, mu kashe ta, ta huta. Kada mu sa mata ruwa.

Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta. Mu daina cajinsa, mu nisanta shi da yara da rumbu.

Rigakafi ya fi magani.