Tasirin Tawayar Kiristal a Kan Gudanar Lantarki a Sinadaran Oksaid

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa wasu sinadaran oksaid, wato waɗanda wani nau'in ƙarfe ya haɗu da oksijin a cikinsu, suke barin lantarki ya ratsa su, alhali kuwa danginsu, irin farin tangaran da ke jikin fulogin mota, tare shi suke yi. Amsar tana cikin tsarin kiristal, wato yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa sahu-sahu bisa tsari guda mai maimaita kansa. Duk inda wannan jeri ya sami tangarɗa, masana kan ce an sami tawaya. A ganinmu kalmar tana da ɗan ruɗi, domin sau da yawa amfanin sinadarin kacokan a kan tawayar ya rataya.

2.0 Gurbi da Tafiyar Ayon

A shekarar 1926 Yakov Frenkel na Tarayyar Sobiyat ya nuna cewa ƙwaya tana iya barin mazauninta ta maƙale a tsakanin sahu. A 1930 kuma Carl Wagner da Walter Schottky na Jamus suka faɗaɗa bayanin ya haɗa da mazaunan da aka bari wayam. Irin wannan mazauni shi muka kira gurbi.

Mai wasan dara ya san ba a gusa ɗa sai akwai gurbi a kusa da shi. Haka ayon yake, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da caji: idan kowane mazauni a cike yake, ba shi da inda zai matsa, lantarki kuwa ba zai gudana ba. Misali mafi shahara shi ne oksaid ɗin zirkoniyam. Ayon ɗin zirkoniyam yana da caji 4, na itiriyam yana da 3. Idan aka sa itiriyam guda 2 a madadin zirkoniyam guda 2, cajin ya ragu da 2, don haka dole ayon ɗin oksijin guda ya fita domin lissafi ya daidaita. Ta cikin waɗannan gurabu sauran oksijin suke tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, muddin akwai zafin da zai ingiza su. Da wannan haɗi Walther Nernst ya ƙera fitilarsa a 1897, wadda sai an ɗumama sandarta kafin ta kama. Amma sai a 1943 Wagner ya fayyace cewa gurabun oksijin ne sirrinta.

Abin lura a nan shi ne, yawan gurabu ba shi ne yawan gudana ba. Idan oksaid ɗin itiriyam ya haura kimanin kashi 8 cikin 100, gurabun sukan manne wa itiriyam ɗin su kasa sakewa, sai gudanar ta koma baya. A kan wannan sinadari aka gina na'urar auna oksijin da ke bututun salansar mota, wadda kamfanin Bosch ya ƙera, Volvo ya fara sa ta a motocinsa a 1976.

3.0 Tafiyar Elektiron

Akwai kuma oksaid ɗin da elektiron ne ke tafiya a cikinsu, ba ayon ba. Oksaid ɗin nikel kore ne idan adadin nikel da oksijin sun yi daidai, kuma da ƙyar lantarki ke ratsa shi. Da zarar nikel ya gaza, sai wasu daga cikin waɗanda suka rage su ɗauki caji 3 maimakon 2. Elektiron ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, sinadarin ya yi baƙi, ya fara gudanar da lantarki. Oksaid ɗin titaniyam, wanda shi ne farin fenti, akasin haka yake bi: oksijin ne yake rasawa, elektiron ɗin da aka bari su mayar da shi shuɗi mai duhu.

Hanyoyin nan biyu sukan yi karo da juna. A batirin da ke samar da lantarki daga haidurojin, ana son bangon da oksijin kaɗai zai ratsa. Oksaid ɗin siriyam mai gauraye ya fi na zirkoniyam saurin wuce da ayon a matsakaicin zafi, sai dai idan zafi ya tsananta a gaban haidurojin yakan saki oksijin ɗinsa, elektiron ya sami kafar zurarewa ta cikin bangon, ƙarfin batirin ya faɗi. Wannan ne ya sa masu ƙera batiran da ke aiki a zafin digiri 800 zuwa 1,000 na ma'aunin Salshiyas suka fi riƙe zirkoniyam, duk da jinkirinsa.