2.3 Ƙwarewa da Yanayin Wurin Aiki a Ɗakunan Shan Magani na Masana'antu

Idan aka dubi yankunan masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, za a ga cewa ma'aikacin lafiya da ke aiki a cikinsu yana fama ne da cututtuka waɗanda sana'a ce ke haifar da su. A majemun fatu ana amfani da sinadarin kuromiyam, wanda kan cinye fatar hannu har ta zama gyambo. A inda ake sarrafa auduga, ƙurarta kan taru a huhu ta kawo tari da sarƙewar numfashi. Haka kuma ƙarar injuna kan rage ji sannu a hankali.

A nan ne batun ƙwarewa ya shigo. Horon da ake ba malamin lafiya na matakin farko ya fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro da awon ciki da rigakafin yara. Saboda haka idan lebura ya zo da tarin da kan tsananta ranar da ya koma aiki bayan hutu, mai yiwuwa ne a ba shi maganin mura a sallame shi, alhali kuwa wannan alama ce sananniya ta ciwon ƙurar auduga. Tambaya ɗaya, wato "A wane sashe kake aiki?", ita ce takan bambanta ƙwararre da wanda ba shi ba.

Sai dai kuma ƙwarewa kaɗai ba ta wadatarwa. Wanda sinadari ya fantsamar wa a ido yana bukatar a wanke shi da ruwa mai gudu nan take, na tsawon minti 15 ko fiye; in famfo a bushe yake, sanin nas bai amfana masa komai ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta ajiye akwatin taimakon gaggawa, amma akwati ba ya ɗaukar wanda inji ya murƙushe wa hannu zuwa Asibitin Ƙashi na Dala.

A ganin mai wannan nazari, abin da ya fi nauyi shi ne wanda ke biyan albashi. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani kai rahoton rauni ga hukumar NSITF, kuma abin da nas ya rubuta a rajista shi ne hujjar lebura. Nas ɗin da ke tsoron sallama zai iya rubuta "ƙaiƙayi" a inda ya san gyambon kuromiyam ne.