Ko Ka San Yawancin Kyanwoyi Ba Ruwa Biyu Ba Ne?

Wanda ya saba shiga kara ya san ba a yi wa dillali gardama a kan irin rago. Da ya hango wanda rabinsa na gaba baƙi ne ko ja, na baya kuma fari fat, zai ce maka Uda ne, kuma ya yi gaskiya. Da wannan idon mutane da yawa suke kallon kyanwa. In gashinta ya yi tsawo a ce 'yar Farisa ce. In fuskarta da kunnuwanta sun yi duhu a ce jinin Siyam ce. In kuwa ba ta yi kama da kowace ba, sai a ce ruwa biyu ce, a shiga binciken wane iri da wane iri suka haɗu. A wajen kyanwa wannan lissafi ba ya fita.

Kafin a ce dabba ruwa biyu ce, sai an sami sanannun iri biyu da suka haife ta. Mafi yawan kyanwoyin duniya kuwa, daga na gidajen Kano har na titunan Alƙahira, babu sanannen iri ko ɗaya a kakanninsu. Asalinsu wata kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya da masana ke kira Felis lybica, wadda ta biyo ɓeraye zuwa rumbunan manoman farko ta zauna. A tsibirin Saifurus an tono kabarin da aka binne mutum da kyanwa kusa da juna, mai shekara kusan 9,500. Tun daga wancan zamani kyanwa ke zaɓar muzurunta da kanta. Kare ne mutum ya yi ta tacewa, wannan don farauta, wancan don gadi ko kiwo. Ita kyanwa aikinta ɗaya ne, kama ɓera, kuma ta iya shi ba da koyarwar kowa ba, don haka ba wanda ya ga dalilin sa mata hannu.

Maganar iri a kyanwa sabuwa ce. A 1871 wani mai zane, Harrison Weir, ya shirya babban baje kolin kyanwoyi a Crystal Palace da ke Landan, ya tsara ƙa'idojin da alƙalai za su bi. Daga baya aka kafa ƙungiyoyin rajista: CFA a Amurka a 1906, GCCF a Ingila a 1910, TICA a 1979. Har gobe ba su daidaita a kan adadi ba. CFA na lissafa iri arba'in da 'yan kai, TICA kuma sama da saba'in.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda aka samo waɗannan iri. Scottish Fold, mai lanƙwasassun kunnuwa, ta faro ne daga wata farar kyanwar gona mai suna Susie da aka gani a Sikotilan a 1961. Sphynx marar gashi ta samo tushe daga wani ɗan kyanwa da aka haifa tsirara a Toronto ta Kanada a 1966. Sokoke kuwa daga kyanwoyin gaɓar tekun Kenya aka ɗauko ta. Ke nan kyanwar gida ita ce uwa, masu takardar rajista su ne rassan da aka yanko daga jikinta. In kyanwarka ta yi kama da wata mai suna, sau da yawa kakanni suka haɗa, ba daga waccan ta fito ba.

Launi ya fi komai yaudarar mutane, alhali labarin da yake bayarwa daban ne. Ɗauki kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ruwan goro. Wannan ba iri ba ne, alama ce ta jinsi: kusan kullum mace ce. Ƙwayar gadon da ke sa ruwan goro tana zaune a kan kuromosom X. Mace na da X biyu, ɗaya na iya ɗauko ruwan goro, ɗayan baƙi. Tun tana ciki, a kowane yanki na fatarta X ɗaya ke aiki, ɗayan ya kwanta, shi ya sa launin ke fitowa dabbare-dabbare. Muzuru na da X ɗaya tak, don haka ko wannan ko wancan. Akan sami namiji mai launi uku kamar ɗaya cikin 3,000, galibi mai ƙarin X ne, kuma ba ya haihuwa.

Duhun fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya irin na Siyam, wato Tailan ta yau, shi ma ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo shi. Sinadarin da ke rina gashin ba ya aiki sai inda jiki ya yi sanyi. Shi ya sa ake haihuwar 'ya'yan farare, saboda ɗumin ciki, sai bayan kwanaki gefunan jiki su fara duhu. Wannan ƙwaya ta bazu cikin kyanwoyin gida, ganinta kaɗai ba ya tabbatar da komai. Haka dogon gashi: yakan ɓuya, ba ya fitowa sai ɗa ya gaje shi ta wajen uwa da uba duka, har iyaye biyu masu gajeren gashi su haifi mai gashi buzu-buzu. Zane-zanen jiki da alamar da ke goshi mai kama da harafin M kuwa tufar kakarsu ce ta daji.

Ga wani abin kuma: 'ya'yan ciki ɗaya na iya zama na muzurai daban-daban, domin barbara ce ke sa kyanwa ta saki ƙwai, kuma takan sadu da fiye da ɗaya. Wanda ya ce ya san uban, ya yi hattara.

To, me ke nuna iri? Ƙirar jiki tana ba da haske in alamomi da yawa suka taru, kamar zagayayyen kai da dannannen hanci da gajerun ƙafafu a 'yar Farisa. Amma a wajen ƙungiyoyin nan, hujja ita ce takardar salsala mai sunayen iyaye da kakanni. Akwai kamfanonin da ke gwajin DNA daga yawun kyanwa, sai dai abin da suke nunawa shi ne wane iri ta fi kusa da shi, ba wanda ya haife ta ba. Tunda yawancin irin na jiya-jiya ne, bambancin da ke tsakaninsu da kyanwar gida kaɗan ne.

A ganina, inda sanin iri yake da amfani na gaske shi ne wajen lafiya, kuma nan ne masu saye suka fi sakaci. Lanƙwasar kunnen Scottish Fold ciwon guringuntsi ce, kuma ba a kunne take tsayawa ba, tana taɓa gaɓoɓin ƙafa da wutsiya ta sa dabbar cikin raɗaɗi. 'Yan Farisa na gadon wata cutar ƙoda da ke fitar da ƙurajen ruwa, ga wahalar numfashi da zubar hawaye saboda dannanniyar fuska. Maine Coon na da haɗarin kaurin naman zuciya. Farar kyanwa mai shuɗin ido, ko wane iri ce, sau da yawa kurma ce, bai kamata a bar ta tana yawo bakin titi ba. In mai sayarwa ya ɗora wa 'yar kyanwa kuɗi mai yawa da sunan 'yar Farisa ce, ka nemi ganin uwarta da takardarta, ka tambaya ko an gwada iyayen a kan cutar ƙoda, sannan ka kai ta wajen likitan dabbobi kafin ka biya.