Wasan Kiɗan Da Yake Rikiɗa

Ran wata Asabar da dare, muna shirin kwanciya, sai autarmu mai shekara 6 ta ce ita fa kada a kashe fitila. Yarinyar da ba ta taɓa tsoron duhu ba! Uwarta ta yi lallashi, ta ƙi faɗin dalili. Sai da gari ya waye wanta ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ni ne na nuna mata wani wasa a wayar Mama." Na ce ya kawo in gani. Gani ya kori ji. Na zauna na buga wasan nan da hannuna tun daga farko har ƙarshe, na kuwa ga ya kamata in gaya wa 'yan'uwana iyaye abin da na tarar.

Asalin Wasan

Sunan wasan Sprunki, ya kuwa fito a shekarar 2024. Amma yana da uwa. A shekarar 2009 waɗansu abokai uku a ƙasar Faransa suka ƙago wani wasan haɗa kiɗa mai suna Incredibox. A cikinsa za ka ga mutane bakwai na zane a tsaye, a ƙarƙashinsu kuma ga alamu 20 an kasa su kashi huɗu: na bugu, na ƙawa, na karin waƙa, da na murya. In ka ja alama ɗaya da yatsa ka ɗora wa mutum, sai ya fara fid da wani ɗan gajeren sauti, yana ta maimaita shi. Ka ɗora wa na biyu, shi ma ya kama nasa. Kafin ka ankara, ga kiɗa ya haɗu.

Shi Sprunki ba kamfanin nan ne ya yi shi ba. Wani mai sha'awar Incredibox ne ya kwaikwayi tsarin, ya zana nasa halittu, ya sa nasa sauti. Da Scratch ya gina shi, wato wata hanyar koya wa yara tsara aikin kwamfuta wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a shekarar 2007 domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Ba a sayensa, ba kuwa sai an sauke shi cikin waya ba. A shafin intanet ake buɗe shi, a buga nan take.

Abin Yabo

Gaskiya ɗaya ce, wasan yana da daɗi. Halittun masu launi ne, ja da kore da ruwan ɗorawa, suna murmushi, ga rana a sama ita ma da fuska tana fara'a. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sautin ba ya karo da juna. Duk gudu ɗaya suke yi, wanda aka sa daga baya kuma yakan ɗan dakata sai zagayen ya dawo farko, sa'an nan ya shiga. Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan hikima: kowace tana da lokacin saukar taɓaryarta, in ɗaya ta yi gaggawa sai kiɗan ya ɓaci. Yaron da ya daɗe yana wasan nan kunnensa yakan koyi jira, ya koyi rarrabe bugu da karin waƙa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baƙar Hula

To, amma kyan ɗan maciji ne. Alama ta 20, ta can ƙarshe, baƙar hula ce. Da na ɗora wa ɗaya daga cikin halittun, sai kome ya juye gaba ɗaya. Sararin sama ya yi duhu. Halittun nan masu murmushi suka koma abin ƙyama, waɗansu da raunuka, waɗansu jina-jina, waɗansu kamar gawa. Kiɗan ma ya sāke. Ni da na haura shekara arba'in sai da na ji tsikar jikina ta tashi, balle yarinya ƙarama wadda ta riga ta ɗauki halittun nan kamar ƙawayenta.

Ga inda haɗarin yake. Uba ko uwa sukan leƙa wayar sau ɗaya, su ga zane mai launi, su ji kiɗa, su ce ai na yara ne, su koma ga aikinsu. Ba su san akwai ƙofa ta biyu ba. Har wa yau, da yake kowa yana iya kwaikwayon wasan, waɗansu masu sha'awa sun yi ta fitar da nasu iri suna sa musu lamba, na uku, na huɗu, har gaba, da yawansu kuwa sun fi na farin muni. Hotunansu masu motsi sun cika YouTube, saboda haka yaro yana iya cin karo da su ko bai taɓa buga wasan ba.

Yadda Ake Ƙera Tsoro

Da na sāke bugawa sau biyu, sau uku, sai na gane ba wani asiri a ciki, dabara ce kawai. An saukar da muryoyin sun yi kauri. An haɗa sautin da ba su jituwa, irin wanda kan fita in an kaɗa garaya ba a ɗaure daidai ba. An rage haske. Babbar dabarar kuwa ita ce a ɗauki abin da ka saba da shi, ka amince da shi, a ɓata masa kama farat ɗaya.

Sai na kira ɗan nawa, muka rage sautin wayar ƙurmus, muka dubi hoton. Ya ce, "Baba, yanzu bai kai ɗazu ban tsoro ba." Na ce masa, "Ka gani? Mutum ne irinmu ya zauna ya zana shi." Sa'an nan na tambaye shi ko ya kyauta da ya nuna wa ƙanwarsa. Ya yi shiru, da yamma ya je ya ba ta haƙuri da kansa.

Shawara Ga Iyaye

Yara dai suna son ɗan abin firgita. Mu ma mun sha tatsuniyar Dodo a gindin kaka, muna maƙalƙale da juna. Amma kaka tana duban fuskokinmu, in ta ga ƙarami ya fara rawar jiki sai ta sassauta, ta kai labarin inda Dodo ya sha kashi. Waya ba ta da ido, ba ta san mai shekara 6 da mai shekara 16 ba.

Saboda haka, kada mu miƙa wa yaro wasan da mu kanmu ba mu bi shi har ƙarshe ba. A taɓa kowace alama, gama abin da ake ɓoyewa a baya yake. Ƙanana su yi wasa a tsakar gida inda ido yake kansu, kada kuma a bar su da waya dab da barci. In yaro ya tsorata, kada a yi masa dariya ko tsawa, don gobe ba zai faɗa ba. Manyan kuwa, maimakon hani kurum, a nuna musu Scratch ɗin, su gwada gina nasu kiɗan.

A gidanmu mun yi kwana huɗu fitila tana ci har safe. A dare na biyar, bayan addu'ar kwanciya, yarinyar ta tashi ta kashe ta da hannunta. Baƙar hula kuwa, mun yi alkawari da wanta ba mai sāke taɓa ta in ƙanwarsa tana kusa.