Sabon madabod ya ƙi tashi? Dakata kafin ka hau motar Kano

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, shagunan buga takardu da koyar da kwamfuta suka ƙara samun jama'a a garuruwa irin su Karaye da Rogo. Mai shagon da ke son kwamfutar tebur mai ƙwari yakan shiga Kano, ya zaga Beirut Road ko Farm Centre, ya sayo madabod da furosesa da ram da fawa-fak, ya dawo gida ya haɗa da kansa. Sai ya danna makunni ya ji shiru, ko fanka ta juya monita kuma baƙi ƙirin. Nan take zuciya ta ce masa an sayar masa da matacce. Sau da yawa madabod ɗin lafiyarsa ƙalau, kuma zuwa Kano da dawowa daga Rogo wuni guda ne, ga kuɗin mota.

Da ka danna makunni, wata 'yar manhaja da ke zaune cikin madabod, wadda ake kira bayos, ita ce ke fara farkawa. Takan duba furosesa, sannan ram, sannan hanyar fitar da hoto, daga ƙarshe ta nemi faifan da Windows ke ciki. Inda ta tsaya, nan matsalar take. Shi ya sa madabod da yawa na yanzu ke da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna maka inda za ka duba. Manomin rani a bakin dam ɗin Challawa in injin ban-ruwansa ya ƙi tashi, mai yake fara dubawa, sai fulogi, kafin ya yi maganar kwance inji. Haka ake bi a nan.

In ko motsi babu, fara da wuta. Akwai makunni a bayan fawa-fak da ake mantawa da shi. Madabod kuma wayoyi biyu yake sha: babba mai fil 24, da ƙarama mai fil 8 ko 4 can saman allon kusa da furosesa, wadda sabon hannu ya fi mantawa da ita. Tsofaffin fawa-fak na hannu wasu suna da jan maɓalli na 115 da 230. Wutarmu 230 ce, in yana kan 115 ka jona, ya ƙone. Sai siraran wayoyin makunnin gaban akwati, masu saurin shiga gurbin da ba nasu ba. Cire su, ka nemi fil biyun makunni a littafin madabod, ka taɓa su tare da bakin sukudireba na ɗan daƙiƙa. In ya tashi, laifin wayar akwati ne.

In har yanzu shiru, fito da madabod ɗin gaba ɗaya ka ɗora shi kan kwalinsa, da furosesa da fankarta da ram ɗaya kawai. Dalili kuwa, a ƙarƙashinsa cikin akwati akwai ƙananan ƙafafun tagulla da ke ɗaga shi daga ƙarfe. Ƙafa ɗaya ta zauna inda babu ramin noti, ta taɓa bayan allon, ta isa ta hana komai tashi.

Ram ce ta fi wahalar da mutane. Tana buƙatar dannawa da ƙarfi har maƙallin ya ce ƙas, kuma a allo mai gurbi huɗu galibi na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa. DDR4 da DDR5 duk fil 288 gare su, amma tsagar ba wuri ɗaya take ba, don haka in ta ƙi shiga kada ka tilasta. Wani abin kuma, tashin farko da DDR5 kan ɗauki mintuna monita na baƙi, allon na gwada ram ɗin. Masu gaggawa kan kashe a nan su ce ya mutu. Ba shi lokaci.

Fanka na juyi, fitilar VGA a kunne? Duba sunan furosesarka. Ta Intel mai harafin F a ƙarshe ba ta fitar da hoto da kanta, haka yawancin Ryzen na gurbin AM4 marasa harafin G. Dole sai da katin hoto, kuma a jikin katin za a soka wayar monita. Akwai kuma madabod ɗin da ya girmi furosesarsa, kamar B450 da Ryzen 5000: gurbi ɗaya ne, amma sai an sabunta bayos zai gane ta. In kuma kwamfutar ta tashi ta mutu bayan ɗan lokaci, ɗaga fankar ka gani, wataƙila ledar da ke ƙasanta ba a ɓare ba, ko an manta man sanyaya.

Yanayinmu ma yana da nasa. Da hunturu, lokacin da riga ke tartsatsi in an cire ta, wutar jikinka na iya lalata allon, saboda haka taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa shi, ka riƙe shi ta gefe. Kada gwajin farko ya zama kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Sa sitabilaiza ko ka yi kan inbatar sola mai kyau. Kuma cire waya daga bango duk lokacin da za ka sa hannu ciki.

Wanda bai saya ba tukuna, ya roƙi mai shago ya haɗa madabod da furosesa da ram a kan tebur, hoton bayos ya fito a monita yana gani, ya leƙa gurbin furosesa ko akwai fil da ya lanƙwashe, ya karɓi rasit mai lambar kayan, sannan ya biya.