Lambar da Ke Tona Asirin Manhajar da Ta Tare Ƙofa

Duk shafin intanet da mutum ya buɗe a wayarsa, akwai wata kwamfuta a wani wuri da ke amsa masa, kuma a cikinta akwai manhajar da ba ta barci dare da rana. Fitattu a cikin irin waɗannan manhajoji su ne Apache, wadda ta fito a 1995, da Nginx, wadda injiniya ɗan Rasha Igor Sysoev ya fitar a 2004. Ranar da ɗayarsu ta cije, ko ta cinye ƙwaƙwalwar na'ura, abin da mai kula da ita ke fara nema shi ne wata 'yar lamba da masana ke kira PID.

Tsarin ya samo asali ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a cibiyar Bell Labs ta Amurka. Da zarar an tayar da manhaja, kwamfuta za ta ba ta lambar da babu wani aiki mai gudana da ke riƙe da ita a lokacin. A Linux, lamba 1 ta aikin farko ce da ke tashi idan an kunna na'ura, wanda a yawancin kwamfutocin yau shi ne systemd.

Sai dai lambar ta aro ce, kamar wadda ake ba mutum a layin banki: idan ya gama ya tafi, wani na iya samunta. Linux ta daɗe tana tsayawa a 32768 kafin ta sake zagayowa, ko da yake na'urorin zamani na iya kaiwa sama da miliyan 4. Shi ya sa lambar da aka rubuta jiya ba abar dogaro ba ce yau.

Hanya mafi sauƙi ta gano lambar ita ce nema da suna. Idan aka rubuta umarnin "pgrep nginx", lambobi za su fito, kuma a nan sabon shiga ke rikicewa, domin ba ɗaya zai gani ba. Nginx tana da uwa guda da ke karanta saituna, da 'ya'ya da ke karɓar baƙi. Wanda ya kashe ɗa, nan take uwar za ta tayar da wani a madadinsa. Lambar uwar ce ake bukata, kuma Nginx da kanta takan ajiye ta a wani ɗan fayil, galibi /run/nginx.pid. Umarnin "systemctl status nginx" ma yana nuna ta.

Suna kuma yakan yaudari mutum. Manhajoji biyar da aka rubuta da Java duk sunansu "java" a jerin ayyuka, haka ma na Python, suna ɗaya suke ɗauka. A nan ƙwararru ke bi ta ƙofa. Kowace manhajar shafi tana sauraron baƙi ta wata ƙofa mai lamba: 80 da 443 na shafukan da jama'a ke shiga, 8080 ta Tomcat, 8000 ta Django a lokacin gwaji. Idan mai rubuta manhaja ya tayar da aikinsa, kwamfuta ta ce wani ya riga ya riƙe adireshin, sai ya rubuta "lsof -i :8080" ko "ss -ltnp", ya ga wanda ya tare ƙofar da lambarsa. Idan aikin na wani mai amfani da na'urar ne, sai da izinin mai gudanarwa lambar za ta bayyana. A Windows kuwa, "netstat -ano" ke jera ƙofofin, lambar tana layin ƙarshe na dama.

Bayan an samu lambar, sai maganar abin da za a yi da ita. Umarnin "kill" shi kaɗai yana aika sigina ta 15, wadda ke ba manhaja damar rufe fayiloli da kintsa abin da ke hannunta. Sigina ta 9 kuwa yankan take ce, ba ta ba da wannan dama, kuma takan bar fayil ɗin lamba a baya ɗauke da lambar da ta mutu. Ga Nginx akwai hanya ta uku: idan aka aika wa uwar sigina mai suna HUP, za ta sake karanta saituna, ta tayar da sababbin 'ya'ya, tsofaffin kuma su gama da baƙin da ke hannunsu kafin su sauka, ba tare da shafin ya ɗauke ba.